Sabuwar Bindigar Mai Lambu

Tunda na ga kana ɗokin duk abin da ya sauka kasuwa jiya, gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai lambu. Fadamarsa tana bakin rafi, yana noman albasa da tattasai, birai suna yi masa ɓarna duk rani. Da bindigar adaka ta mahaifinsa yake korarsu, mai nauyi da hayaƙi, wadda sai an ɗura mata albarushi an danna kafin ta yi magana. Ran nan ya shiga birni, ya ga wata ƙaramar bindigar hannu a shagon kayan farauta, sabuwar fitowa, baƙa wuluk tana sheƙi. Harsashinta siriri ne kamar ɗan yatsan jariri, kuma ba a tsakiyar gindi ake bugunsa ba, a gefe ne wutarsa take. Mai shago ya ce da ka taɓa kunama za ta amsa. Mutumin ya nemi izinin hukuma, ya kawo ta gida, ya bai wa ƙanensa adakar ya tafi da ita garinsu. Matarsa ta ce, "Malam, ba ka kai ta bayan gari ka ji muryarta ba?" Ya ce abin da ya fito daga kwalinsa me za a gwada a jikinsa, ai ɓarnar harsashi ce. Birai kuma ba su fara saukowa ba, don daji da sauran ɗanye, sai ya naɗe ta a tsumma ya riƙa yawo da ita a aljihu.

Ana nan sai labari ya bazu cewa mahaukacin kare yana yawo a karkarar. Ya ciji wani makiyayi a ƙauyen gaba, har ta kai an ɗaure bawan Allah da igiya, yana kumfa yana zabura in ya ga ruwa, kafin rai ya yi halinsa. Kowa ya daina fita ba gora a hannu. Mai lambu kuwa sai ya dafa aljihu ya wuce. Wata rana da hantsi yana ban ruwa, ya ɗaga kai, sai ga karen a kan kunya: ja, haƙarƙari duk a waje, jela a matse, dalala tana zuba daga bakinsa har ƙasa. Ba ya haushi, tangaɗi kawai yake yi kamar mai maye. Ga matarsa can tana gangarowa da kwanon abinci a ka, ba ta san abin da ake ciki ba, karen kuma ya juya kansa wajenta. Mutumin ya daka wa karen tsawa don ya bar matar ya juyo kansa, ya zaro bindiga, ya saita, ya ja kunama. Ƙyat! Ko hayaƙi babu. Karen ya juyo, idanunsa jajur, ya taho. Ya ja ƙarfen saman bindigar, mataccen harsashin ya faɗa cikin laka, ya sake jan kunama. Wannan karon ta tashi, amma ƙasa ta samu, kwanson harsashin kuma ya maƙale a bakinta a karkace. Ya ja, ya girgiza, ya buga ta a gwiwa, ta cije. Yana jin hucin karen da warinsa lokacin da ya kare maƙogwaronsa da hannun hagu, haƙora suka nutse har ƙashi. Suka zube cikin albasa, yana salati yana dukan kan dabbar da gindin bindigar, matar tana kururuwa, har maƙwabtan lambu suka iso da fartanyoyi suka gama da karen.

An kai shi asibiti a ranar, aka wanke ciwon, aka fara yi masa allura, aka ce an zo da wuri, sauran sai a bar wa Allah. To, nan ne tsoro na gaske ya fara. Kowace safiya in matarsa ta miƙo masa moɗa, sai ya tsaya yana kallon ruwan, yana sauraron maƙogwaronsa ko zai ƙi haɗiya. In kansa ya sara, sai ya tuna makiyayin nan da igiya. Ya daina ɗaukar 'ya'yansa, ya ware kwanonsa, har ya kira amininsa ya ce in ya ga alama a ɗaure shi kada a ji tausayi. Ya rame, lambu ya bushe. Sai da watanni suka shuɗe kafin ya yarda Allah ya kuɓutar da shi. Da ya mayar da bindigar shago, ya tarar ba shi kaɗai ba ne: masu ƙera ta sun aiko a tattara duk na farkon fitowa, wai ƙarfen da ke bugun harsashin ba shi da ƙarfi, sai ya ɗan lotsa gefen ya bar shi. Mai shago ya ce waɗanda suka fita fili suka harba tasu tun ranar da suka saya, a ranar suka gane, suka dawo da ita lafiya lau. Mai lambu ya dubi hannunsa da yatsu biyu suka daina lanƙwasuwa.

Shi ya sa magabata suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.