Ƙwayar Dawa a Kan Taswira

Kwalta ta iso Tambuwal. Rufin kwano ya kori jinka a bakin kasuwa, kowane malamin ofis yana kan babur, har mai shayi ya sayi rediyo. Hanyar Kebbe ce kaɗai Sambo ya tarar yadda ya bar ta. Shekarun da ya yi a Ikko ba su cike mata rami ko ɗaya ba.

A ƙauyensu ya kasa zama wuri guda. Kullum da hantsi sai ya gangara fadama, ya yi ta zagaya gonaki, hannu a aljihu. Mahaifiyarsa, Inna Kulu, ta ce kewar gida ce. Da damina ta kawo kai, ya matsa wa mahaifinsa, Malam Na'iya, sai an shuka saurarsu ta bakin rafi, wadda tsohon ya so ta ƙara hutawa. Sambo ya ce shi zai noma ta. Ya kuwa noma.

Bayan girbi wata mota Landirofa ta kawo baƙi masu bincike, shugabansu wani da ake kira Dakta. Suka ce ba haraji ya kawo su ba, ra'ayin manoma suke nema, kowa da bakinsa, don a san inda za a kai taki da injin ban ruwa. Dattawa suka noƙe. Ba a nuna wa baƙo iyakar gona.

Sambo ne ya miƙe. Ya ce ya ga irin wannan taro a Kudu, kuma garin da ya ƙi magana shi ake tsallakewa. Liman ya dubi Malam Na'iya.

"Ɗana na," in ji tsohon. "Ba shi kai mu ga ɓata."

Aka share fili a gindin tsamiya, aka zana fadamar da kara. Tunda dattawa ba su yi boko ba, Sambo ya kawo dabara mai sauƙi: duk gonar da aka noma bana, mai ita ya aza mata ƙwayar dawa. Aka yi ta raha, ana tsokanar Maccido mahauci wai a sa masa ido kar ya tauna tasa. Sauruka suka zauna babu ƙwaya. Kowa ya san saura gona ce da ke hutawa, tana da mai ita, babu wanda ya ga dalilin faɗa. Dakta ya hau saman mota ya ɗauki hoto.

Taki bai zo ba. Katafila ce ta zo, da masu awo. Duk inda hoton bai nuna ƙwaya ba, aka ce ƙasa ce marar mai ita, an ba wani kamfani ya noma shinkafa. Dattawa suka kai kuka Kebbe, aka ce ai da hannunsu suka nuna.

Gonar Malam Na'iya ta bakin rafi ta tsira, amma ya daina fita majalisa, ya koma sahun baya a masallaci. Sambo ya fara haɗa kaya. Inna Kulu ta tsaya a bakin ɗaki tana roƙonsa kar kunya ta kore shi, ai shi ma yaudararsa aka yi, mutane za su gane. Ya ci gaba da haɗa kayansa.

A tashar Tambuwal, bayan rumfar masu faci, Landirofar tana jiransa. Yana cikin ɗaure jakarsa a samanta Dakta ya leƙo ta taga, ya ce saura fadamar Dogon Daji, ko wa za su samu a can da mutane za su yarda da shi haka?

Sambo ya ja igiya ya ƙulle.

"Garin kawunnaina ne. Su ma sun daɗe ba su gan ni ba."