Gishiri Ya Yi Yawa

Romon ya wuce maƙogwaronsa bai dawo ba, matarsa kuwa ta yi kamar ba ta gani ba.

Tun da suka yi aure mutumin nan bai taɓa cin girkinta ya yi shiru ba: yau yaji ya yi yawa, gobe mai ya yi kaɗan. Sai da sankara ta toshe masa hanyar abinci har ciki, sannan ya koyi cewa "an gode". Godiyar nan ta fi ramar da ya yi ba ta tsoro.

Likita ta haɗa masa magani biyu ta ƙarin ruwa, ɗaya yana kai wa ciwon hari, ɗaya yana tayar da garkuwar jiki. Ba ta yi alkawarin warkewa ba. Gashi ya zube, harshe ya daina jin ɗanɗano, godiya sai ƙaruwa take yi.

Yau ya ajiye cokali, ya ɓata fuska.

"Uwar yara, gishirin nan kyauta ake ba ki?"

"Sha ka ba ni kwanona, Malam."

Ta koma kicin, ta share ido da bakin zane. Wata da watanni ke nan tana cika gishirin da gangan, tana jiran ranar da zai ji shi.