Gudun Astrit

"Astrit, tsaya! Hawan jinin nan zai kashe ka. Mu je gidan motsa jiki!"

Ina! Da tumbinsa da silifas Astrit ya haye tudun garinsu Berat a guje, matarsa Drita na binsa. Kullum safiya haka ake yi, sai ya ɓuya a shagon kofi can saman dutse yana haki.

Bayan bazara likita ya auna shi.

"Jini ya sauka. Wane motsa jiki kake yi?"

"Ni? Allah ya kiyaye!"

A hanyar gida ya tsokani Drita: "Kin sha ƙasa, uwargida. Wai ina gidan motsa jikin naki ma yake?"

"Oho, ban taɓa nema ba. Gobe ka ƙara sauri, na kusa kamo ka."