Tsohon da Ba Ya Riƙe Darasi

"Na sake mancewa," in ji tsohon, ya miƙa wa wata ɗaliba wuyan hannunsa. "Kama mu gani."

A makarantar aikido, wata kokawar Japanawa, da ke unguwarsu a Osaka, kowa ya san sai an kama hannunsa an sake kamawa kafin ya tuna yadda ake kayar da mutum.

Ɗalibar, mai awarar bakin tasha, ta kama, ta raɗa masa, "Baba, jiya fa na ga kana koya wa sababbi wannan kayen."

Kunya ta rufe shi. Tun rasuwar matarsa, nan kaɗai ake riƙe masa hannu. Ya fara janyewa, ta ƙi saki.

"Wa ya ce ka tuna? Dubi masu jiran layi a bayana, su ma su kama."