Akushi Biyu

Mai unguwa yana tsaye ƙaninsa ya toshe kafar dangar da ke tsakanin gidajensu da ƙaya. Ta wannan kafa suke kai wa mahaifiyarsu tuwo, kowa da akushinsa. In ta ci, takan wanke akushi ta ajiye a bakin ƙofa, a ɗauka a sake cikawa.

"Hamma," in ji ƙanin, don haka yake kiran yayan nasa, "kai ka ba Bature ɗana ya yi aikin hanyar Jalingo, bai dawo ba. Ni da kai mun gama."

Damina na wucewa ƙanin ya kwashe jinkarsa ya koma gindin dutse wajen Kona, surukansa suka bi shi. Mai unguwa ya gangara bakin sabuwar hanya, masu neman alfarmarsa suka rufa masa baya. Ƙauyen da yake a dunƙule ya tsage gida biyu. Tsohuwa ta ƙi tashi, ta ce ba ta zaɓar ɗa ta bar ɗa.

Mai unguwa bai sake leƙa ta ba, gudun haɗuwa da ƙanin. Ai autanta ne, shi zai ciyar da ita.

Ranar da ungulaye suka fara shawagi a kan tsohon ƙauye, mai unguwa ya kutsa cikin ciyawar da ta cinye hanya da gudu. Ga ƙanin ya ɓullo ta ɗaya gefen, yana haki.

"Hamma, ba kai ke kawo mata ba?"

A bakin ƙofa akushi biyu ne, wanke tas. Ɗaya na fuskantar dutse, ɗaya na fuskantar hanya.