Wushiryar Salamatu

Kwana tara ke nan Salamatu ba ta rabu da madubi ba. Mai suyar kifi ce a bakin kogin Gaya, inda kamiyoyi, manyan motocin kaya, ke jiran jirgin fito zuwa Malanbil, zamanin mulkin Faransa. Direbobi kan ce kifin kowa ɗaya ne, dariyarta ce ke jawo su.

Matar wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ce ta jefa mata magana tana zaɓen kifi: "Ke kuwa da kina da wushirya, ai da kin gama kyau." Ta ɗauki kifinta ta wuce, maganar ta zauna.

Tun ranar Salamatu ta koma dariya hannu a baki. Ta je wurin tsoho Ɗan'auta, wanzamin unguwarsu, don ya buɗe mata tsakanin haƙora. Ya ce, "Ƴata, haƙori ba gashi ba ne. In na rage shi ba ya tohowa." Mijinta Sumana masunci ya ce, "Ni da nake kallon bakin nan kullum ban ga abin gyara ba." Amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Ranar kasuwa ta bi wani baƙo bayan rumfuna, mai cika bakin shi ke yi wa matan Kotonu wushirya. Ya danna mata kara tsakanin muƙamuƙai, ya zaro magagari irin na maƙera. Ƙarar gugar har cikin ƙwaƙwalwarta. Ta so ta ɗaga hannu ta ce ya isa, sai ta tuna matar duwan, ta damƙe zaninta. Can ta ji ƙas.

"Ba komai," in ji baƙon, yana ta tattara kayansa.

Kafin Juma'a fuskarta ta kumbura har ido ɗaya ya rufe, ko kunu ba ya wucewa. Sumana ya kai ta wurin likita, aka cire haƙoran gaba guda uku. Baƙo kuwa ko ƙurarsa.

Bakin ya warke, dariyar ba ta dawo ba. Ta koma suya da mayafi a baki, ba ta kula kowa, direbobi suka zame ɗaya bayan ɗaya. Abin gwanin ban tausayi.

Wata rana sai ga matar duwan. "Baiwar Allah, me ya sami bakinki?"

Salamatu ta janye mayafin. "Wushiryar da kika ce."

Matar ta ce, "Ni? Yaushe? Wallahi ban tuna ba. Zaɓo mini mai tsoka."

Ƴan'uwa mata, kada maganar mai wucewa ta sa ku miƙa jikinku a yanka. Mai faɗa kan manta kafin ya kai gida, ku ne za ku tsufa da giɓin.