Gwaggo Mai Kaki da Makullai

Tana kan keken ɗinki tana haɗa wuyan riga, a cibiyar da ke koya wa waɗanda suka fito daga gidan yari sana'a, sai ga makanikin da ke neman aurenta a bakin ƙofa, hannunsa duk baƙin mai. Sauran matan suka haɗa ido, suka sulale waje suna ƙunshe dariya.

"Ummata ta amince," ya ce, idonsa a ƙasa. "Sai dai na ce mata wajen gwaggonki kika yi zaman nan."

Ta ɗage ƙafa daga keken, ta dube shi har sai da ya gyara tsayuwa.

"Wace gwaggon? Mai kaki da makullai?"

"Don Allah ki bari a ɗaura tukuna."

"Ƙwaya ce ta kai ni gidan yari, ka sani. Kullum da safe nakan zauna cikin matan nan in faɗi abin da na aikata da bakina, shi ya sa har yau ban koma mata ba. Yanzu kuma in shiga gidanku da ƙarya?"

Ba ta sunkuyar da kai ba. Tana sonsa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"In ta ji ta ƙi fa?" ya ce.

"Sai mu ga inda ka tsaya."

 Ya goge hannu a wando. "To. Zan faɗa mata yau."

"A'a," ta ce, tana jawo mayafinta. "Ni na yi zaman, ni zan faɗa. Kai ni in gaishe ta."